Filin gyara: in bis ta ƙi fita

Jama'a, zancenmu na wannan wata bisa ampili da rediyo mai kaset ne. Ana gobe biki, makaɗi ya kawo maka ampili ba murya, ka zo buɗewa, bis guda ta ƙi motsi. Nan ne ake ɓarna.

Da farko cire pil, zare waya daga wuta. In turnabis ya zame sau ɗaya, tsaya, don kowace zamewa tana cin kan bis. Duba da kyau: kayan Japan da yawa, bis ɗinsu na da ɗan ɗigo gefen gicciyen. Yankansu daban ne, turnabis mai tsini ba ya zama ciki sosai. Rage tsinin kaɗan da magagari, sai ya zauna.

Sa man keken ɗinki, ɗigo guda tak, ka jira minti 15. Sa'an nan shimfiɗa siririyar roba, irin ta ɗaure kuɗi, bisa kan bis. Danna da ƙarfi, murɗa hagu sannu sannu.

In kan ya cinye sarai, tsaga shi da zarton ƙarfe, ka sa turnabis mai faɗin baki. Amma rufe oparlar da tsumma tukuna, don mayen ƙarfenta na jan garin ƙarfe, murya ta lalace. Wasu na ɗumama bis da wuta. Ni ban yarda ba in cikin roba take ɗaure: robar za ta narke, marfin ba zai koma kamawa ba.