Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙaramar Ministar Ilimi, Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad: A Haɗa Wa Yaranmu Aji Da Wurin Koyon Sana'a



Ranki ya daɗe, ina roƙon Allah ya taya ki riƙon wannan amana. Ni mazaunin Sabo ne a Yaba, cikin birnin Ikko. A nan aka haife ni, a nan na haifi nawa. Fataucin goro ne ya kawo mahaifina kudu, ya fara sauka a Agege kafin ya dawo nan. Sana'ata wayarin ɗin lantarki, da yamma kuma nakan koya wa yaran unguwa lissafi a barandar masallaci. Na rubuto miki da Hausa domin iyayen da nake magana a madadinsu su ji abin da na faɗa, kuma na san ke ba ki buƙatar tafinta.

Yabon gwani ya zama dole. A watan Mayun 2025 ma'aikatarku ta ƙaddamar da sabon shirin ilimin fasaha da sana'o'i: karatu kyauta a kwalejojin fasaha, alawus na wata-wata ga ɗalibai, sannan kashi 80 cikin ɗari na lokacin karatu a yi shi ana aiki da hannu. Daga baya kuka sake manhajar sakandare, kuka rage darussan sana'a zuwa shida, cikinsu har da haɗa sola, ɗinki, kiwo, da gyaran kwamfuta da waya. Mun ji, mun yi murna. Sai dai yawancin yaranmu ba a kwalejojin fasaha suke ba. Suna makarantun sakandare na gama-gari, kuma a kansu nake son yin magana.

Ina da ɗan ƙane da ya gama sakandare a nan Legas a ƙarƙashin tsohuwar manhaja, wadda ta zo da darussan sana'a 34 tun 2011. Gyaran waya ya ɗauka, ya kuma ci jarrabawa da sakamako mai kyau. Shekara uku yana kwafar zanen cikin waya daga allo, domin makarantarsu ba ta da ɗakin aiki, malamin kuma na kimiyya ne aka ɗora masa darasin. Ranar da wayar mahaifiyarsa ta daina caji, ya juya ta, ya sake juya ta, ya rasa ta inda zai buɗe. Shi da kansa ya kai ta bakin kasuwar Sabo, wurin wani abokin wasansa da ya bar makaranta tun aji uku. Yaron na zaune ƙarƙashin lema, da ɗan tebur da kwalbar fetur ta wanke datti. Ya kwance wayar, ya ɗiga dalma a bakin caji, kafin a kira la'asar ta kawo wuta. Wannan yaron kuwa ba shi da takardar da zai nuna wa kowa. Ko sanarwar ɗaukar ma'aikata ya gani, da ƙyar yake haɗa Turancin da ke ciki.

Ranki ya daɗe, waɗannan yara biyu kowannensu rabin abin da ya kamata ya samu aka ba shi. Ɗaya na da takarda babu hannu, ɗaya na da hannu babu takarda. Kuma ba yau muka fara ganin haka ba. Mu da muka yi karatu a tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982, mun tuna injunan koyon fasaha da aka sayo daga ƙasashen waje, suka tsufa cikin akwatuna a makarantu da yawa saboda babu wuta, babu ɗaki, babu malamin da ya san kansu. Idan aka ce sai kowace sakandare ta gina nata ɗakin aiki kafin yaro ya taɓa kayan sola, to waɗanda ke aji huɗu yau za su yi aure su haihu ana jira.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a Yaba kayan aikin suna nan kusa da mu. Kwalejin Fasaha ta Yaba, wato Yabatech, tun 1947 take tsaye. Ga Kwalejin Fasaha ta Gwamnatin Tarayya da ta samo asali daga cibiyar koyon sana'a ta zamanin Turawa. Ga Kwalejin Ilimi ta Fasaha a Akoka, maƙwabciyar Jami'ar Legas. A kan titin Herbert Macaulay ga CcHub, inda matasa ke ƙirƙirar manhajojin kwamfuta. Hatta ofishin hukumar WAEC a Yaba yake. Yaranmu kullum suna wucewa ta ƙofofin waɗannan wurare, wani da baro, wani da jarkokin ruwa, wani da akwatin shushaina, ba tare da ya taɓa zuwa musu a rai cewa ɗakunan da ke ciki nasu ne ba. Tun 2024 kuma jirgin ƙasa na Red Line ya haɗa Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, don haka yaron Agege ma ba shi da nisa da nan.

Roƙona shi ne a ba ɗalibin babbar sakandare damar zama ɗalibin wuri biyu a lokaci guda. Kwana uku a makarantarsa yana Turanci da lissafi da sauran darussa, kwana biyu a ɗakin aikin kwaleji ko shagon ƙwararre yana koyon sana'ar da ya zaɓa. A Jamus haka suke yi da daɗewa: matashi na raba mako tsakanin kamfani da makarantar sana'a, da yarjejeniya a rubuce, ana kuma biyansa. A Amurka ɗaliban sakandare na ɗaukar darussa a kwalejojin yankinsu, a lissafa musu makin idan sun shiga babbar makaranta. Mu ma Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ɗanmu da safe yana boko, da yamma yana Islamiyya, ranar Asabar yana rumfar babansa. Abin da ya rage shi ne hukuma ta tsara abin, ta kuma ba shi daraja.

Domin kada shirin ya tsaya a takarda, ina da buƙatu huɗu.

Na farko, aikin da yaro ya yi a lissafa masa. Ya fita sakandare da shaidar WAEC ko NECO a hannun dama, da shaidar ƙwarewa ta ƙasa ko ta hukumar NABTEB a hannun hagu. In ya samu gurbin difloma a Yabatech ko wata kwalejin kimiyya da fasaha, kada a sa shi maimaita abin da ya riga ya iya. Hukumar NBTE da ke Kaduna ita ke da tsarin matakan shaidar ƙwarewa, kuma a ƙarƙashin ma'aikatarku take.

Na biyu, a shigar da masu sana'a na gaskiya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta nuna hanya da ta haɗa kai da maƙera da masu walda na kasuwar Panteka. Legas na da irinsu birjik: masu gyaran waya na Computer Village a Ikeja, teloli, kanikawa, masu firji da masu sola. A tantance su, a ba su horo kan koyarwa da kiyaye haɗari, a biya su ladan kowane yaro. A kuma riƙa bibiya, domin duk wanda ya yi zaman koyo ya san akwai ogan da zai shekara yana aiken yaro sayen abinci bai nuna masa komai ba.

Na uku, kada a manta da 'yan mata. Uwa ba za ta bar 'yarta ta je shagon da ba ta san mai shi ba, kuma tana da gaskiya. A ware musu wurare masu aminci da malamai mata, a kuma buɗe musu sola da kwamfuta kamar yadda aka buɗe musu ɗinki da kwalliya.

Na huɗu, labarin ya iso gare mu. Sanarwa a intanet da Turanci ba ta kaiwa ga mai sayar da albasa a Mile 12 ko mahauci a mayankar Oko-Oba. Da ɗan gari akan ci gari. A bi ta fadar sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni, da limaman Juma'a, da shugabannin kasuwa. A buɗe teburin rajista a unguwa. Yaron da aka haifa a Legas kuma ya yi karatunsa a nan, shaidar zama ta wadatar, kada a ce sai ya je garin kakansa neman takardar asali.

Akwai iyayen da ke tsoron kada wannan ya zama hanyar tura ɗan talaka bakin inji a bar wa ɗan mai hali jami'a. Tsoronsu na kan hanya, shi ya sa na nace cewa Turanci da lissafi su ci gaba, ƙofar jami'a kuma ta zauna a buɗe ga wanda ya so. Na kuma san makarantun jiha ba a hannunki suke kai tsaye ba. Amma akwai Majalisar Ilimi ta Ƙasa inda kuke zama da kwamishinoni, jihar Legas kuma na da hukumar ilimin fasaha da sana'o'i ta LASTVEB da kwalejojin fasaha biyar a Agidingbi, Ikotun, Ikorodu, Epe da Ado-Soba. Za a iya fara gwaji da makarantu kaɗan tsakanin Yaba da Agege, a ga abin da zai haifar kafin a faɗaɗa.

Abin na da gaggawa. A watan Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Lagos Mainland inda Yaba take. Na ga samari majiya ƙarfi sun wayi gari ba su da abin yi, domin babur kaɗai suka sani. Ƙannensu ne yanzu ke zaune a gabana da yamma suna lissafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu iyaye mun ɗauki namu nauyin: za mu daina cire yaro daga aji don ya riƙe mana rumfa, za mu kuma raka shi wurin koyo mu san ogansa.

Ranki ya daɗe, kin koyar a Jami'ar Bayero, kin shugabanci Kwalejin Ilimi ta Gumel, kin san abin da aji ke iya bayarwa da abin da sai hannu ya taɓa. Gani ya kori ji. Duk ranar da aiki ya kawo ki Legas, ki ratso ta Sabo ki ga yaran nan da idonki, sannan ki sa a buɗe musu ƙofofin da suke wucewa kullum. Allah ya yi miki jagora, ya sa ki gama lafiya.

Wassalam.

Naki,
Wani uba kuma mai aikin lantarki,
Sabo, Yaba, Legas.