Iskar girki tana kwance a turken shanunmu

Yau a kan kashin shanu za mu yi magana, kar ku yi dariya tukuna.

Da yawanmu mun haddace CH4 a lise, muka rubuta a jarrabawa, muka manta. Metan ke nan: ƙwayar karbon ɗaya, idrojen huɗu. Ba ta da launi, ba ta da wari, amma tana cin wuta. A 1776 wani masani ɗan Italiya, Volta, ya tara ta daga kumfar da ke tasowa a taɓon bakin tabki. Duk inda ciyawa ko kashi ya ruɓe a wurin da iska ba ta shiga, ƙananan halittu na fitar da ita. Har a cikinmu: likitoci na auna ta a numfashin mutum don gano wasu matsalolin hanji, musamman mai fama da taurin bayan gida.

Kar mu rikita ta da gaz ɗin tukunya da muke saye, irin na matatar SORAZ ta Damagaram. Wancan butan ne da propan. Metan ita ce mafi yawa a gaz ɗin da ake haƙowa daga ƙasa. Da ita ake tada injinan wutar lantarki, daga gare ta ake ciro idrojen a haɗa amoniya, a yi takin ure. Masana'antar takin Dangote ta Legas, da aka buɗe a 2022, da ita take aiki. Buhun ure da manomin Maraɗi ke kuka da tsadarsa, asalinsa wannan iska ce.

Shekara da shekaru muna jin labarin bututun gaz da zai taso daga Najeriya ya ratsa Nijar zuwa Aljeriya, sama da kilomita 4,000. An sake sa hannu a 2022. Allah ya sa a yi. Amma uwar gida da ke hura icce yau, idonta na hawaye, goyonta na tari, ba za ta dafa tuwo da yarjejeniya ba. Iccen kuwa kullum nisa yake ƙarawa, kuɗinsa na hawa, daji na ƙarewa.

Alhali ga metan a turke. Ana gina rami mai rufi da bulo da siminti, a dama kashi da ruwa a zuba kullum. In ya ruɓe sai ya ba da biyogaz, wanda fiye da rabinsa metan ne. A ja tiyo zuwa murhu, wuta ta kama shuɗiya, babu hayaƙi. Abin da ya fito ta ɗaya gefen taki ne mai kyau, sai gona. Sin da Indiya sun gina miliyoyi. Maƙwabciyarmu Burkina Faso na da shirin ƙasa da ya gina dubbai. A Ruwanda har gidajen kaso na girki da ita.

Ba mu ce abin banza ne ba. Ginin na son kuɗi, yana son ruwa kowace rana, kuma bisashen da suka tafi kiwo nesa ba sa barin kashi a gida. In ramin ya tsage, asara biyu ce: metan na iya fashewa idan ta taru a ɗaki, kuma cikin shekara 20 tana ɗumama duniya kusan sau 80 fiye da hayaƙin karbon. Aikin magini ne da ya koya, ba na ɗan karambani ba.

Shi ya sa muke ganin a fara daga inda kashi da ruwa suke tare: mahautar gari, kasuwar bisashe, makarantun kwana, gidajen masu kiwon turke. Tumbin da ake zubarwa bayan mahauta, wanda ke damun unguwa da wari da ƙuda, makamashi ne muke barin shi yana tashi sama. Magadan gari su ware fili da kuɗi su gwada ko da guda ɗaya, cibiyoyin koyon sana'a su horar da magina, ƙungiyoyin mata su shiga gaba, tunda su hayaƙin ke ci.

Ku faɗa mana: a garinku, ina ake kai dattin mahauta? Wa ya taɓa tambayar magajin gari?