Ƙari a wuya: gado ne ko ƙurar ma'adinai?

Idan kana zaune a Arlit ko Akokan, ka san an fara haƙar yuraniyom a yankin tun 1971. Kamfanin COMINAK ya rufe a 2021, amma tarin dusar ma'adinan yana nan. Shi ya sa duk wanda ya ga ƙari a wuyansa yakan zargi ma'adinan.

Ga abin da likitoci suka tabbatar. Ƙurar yuraniyom da iskar radon sun fi cutar da huhu da ƙoda. Kansar ƙwayar maƙogwaro kuwa ta yawaita ne ga yaran da tururin tashar nukiliya ta Chernobyl ya shafa a 1986.

Gado ma yana da nasa rabo. Kowa yana gadon alamomin garkuwar jiki, waɗanda ake kira HLA, daga uwa da uba. Masana sun binciki alaƙarsu da wannan kansa, amma ba a amfani da su wajen gano wanda zai kamu.

Yawancin kumburin wuya ba kansa ba ne. Duk da haka, idan ƙarin yana girma ko muryarka ta dushe, je asibiti da wuri. Gaya wa likita idan wani a danginku ya taɓa yin cutar. Tana warkuwa idan an gano ta da wuri.