Furojet ɗinmu na cin ƙura, 'yan majalisa na yin doka da ka

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiya na sashensu ya ga abin da nake nufi. Furojet ne tsibi-tsibi, gara ta fara yi musu aski. Iyayenmu suka biya kuɗin buga su, wani ma sai da aka kai buhun albasa kasuwar Aliero. Tun ranar da aka ba mai shi maki, ba wanda ya ƙara buɗewa.

Ajiye wannan tukuna. Shekara da shekaru ana muhawara kan 'yan sandan jihohi. Gyaran tsarin mulki ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, ke nan duk ranar da aka kawo irin wannan batu, 'yan majalisarmu da ke Birnin Kebbi sai sun ɗaga hannu. Haka nan tun 2023 aka ba jihohi ikon kafa gidajen gyaran hali nasu. To da wane lissafi wakilin Jega ko na Maiyama zai yanke shawara? Majalisar Tarayya tana da cibiyar bincike tata a Abuja, wato NILDS. Amma mai bincike daga Abuja ba zai zo ya yi wata uku a Jega Firchin yana ƙirga wayoyi da baburan da aka sace ba.

Mu fa muna nan, kuma dole ce ta sa kowannenmu ya yi bincike kafin ya fita.

Idan aka ce tsaro a Kebbi, hankali kan tafi Birnin Yauri, inda aka kwashe ɗalibai a Yunin 2021, ko Mera ta ƙaramar hukumar Augie da Lakurawa suka afka wa a Nuwamban 2024. Waɗannan sun fi ƙarfin ɗan ND da takardar tambayoyi, kada ma wani ya gwada. Sai dai akwai ɓangaren da ba ya shiga labarai, shi ne kuma ya fi taɓa talaka kullum. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya muddin akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma ce majistare ya riƙa duba wuraren da ake tsare mutane aƙalla sau ɗaya a wata. A takarda wallahi ba laifi. Amma ni na san wani ɗan acaɓa da ya yi kwana tara a tsare kan rikicin waya, har sai da mahaifiyarsa ta sayar da akuyarta aka yi belinsa, belin da aka rubuta a bango cewa kyauta ne. Shi kaɗai ne, ko su ɗari ne? Idan labarin mutum ɗaya ka kai wa ɗan majalisa, jaje zai yi maka. Idan ka ajiye masa adadi a kan tebur, sai ya nemi amsar da zai bayar.

Na san za a ce wa zai ba ɗalibi bayani. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukumar gwamnatin tarayya, a amsa masa cikin kwana 7. Ko an ƙi amsawa, ka rubuta ranar da ka kai takarda da ranar da wa'adi ya cika, wannan ma sakamako ne. Zaman kotu kuwa a buɗe yake. Ɗalibin ƙididdiga zai iya zama a benci wata biyu yana rubuta sau nawa aka ɗage shari'a da dalilin ɗagewar, ba tare da sunan kowa ba. 'Yan kwamfuta su tsara rumbun adana bayanan.

Mu ma da namu laifin, gaskiya. Wanda ya cike takardun tambayoyi ɗari shi kaɗai a ɗakinsa cikin dare bai da bakin zargin ɗan majalisa. Ƙagaggen adadi da ya shiga doka ya fi rashin adadin illa.

Abin da nake roƙon ƙungiyar ɗalibai shi ne ta zauna da shugabannin sassa kafin a raba batutuwan bincike na zangon gaba, a ware ko da biyar ne kan kame, beli da jiran shari'a a Jega, Aliero da Maiyama. Idan an kammala a taƙaita kowanne a shafi biyu, da Hausa da Turanci, shugaban ƙungiya ya kai wa kwamitin shari'a na Majalisar Dokokin Jiha da hannunsa, ya kuma karɓo shaidar an karɓa.