Ku da Motarku: In Ta Yi Gurnani a Kwana

Iyalai da yawa yanzu suna sayen tsofaffin motocin nan na Kwatano masu ja da ƙafa huɗu, saboda halin hanyar ƙauye da damina. Motoci ne masu amfani ƙwarai, amma a ƙarƙashinsu akwai kayan da yawancin ƙananan motoci ba su da su: furofela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji baya, da tukunyar giya ta tsakanin ƙafafun baya, wadda makanikai ke kira aksil. In aka ce a sake ɗayansu, kuɗin makarantar yara na zango guda yana iya tafiya a kai. Saboda haka muna so mai gida da uwargida su iya gane ciwon da kunnensu kafin su biya kowa.

Ku nemi fili mai daɓe ko kwalta, ku sauke gilashi, ku kashe rediyo. Ku murɗa sitiyari har ƙarshe, ku zagaya sannu sannu, hagu sa'an nan dama. In kun ji ƙas, ƙas, ƙas daga ƙafar gaba, shaf ne. Ku leƙa bayan taya, sau da yawa za ku tarar robar da ke rufe gaɓarsa ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga. Kukan da ke ƙaruwa da gudu a miƙaƙƙiyar hanya, ya kuma canja in an karkata gefe, na boris ne. Girgiza a ƙarƙashin kujera kuwa, a fara tuhumar furofela.

Amma in gurnani ne daga baya, motar tana turjewa kamar ana riƙe ta, to, a nan ne mutane suka fi yin hasara. Bari mu ɗauki Honda CR-V ƙirar 1997 zuwa 2011. Ƙafafun gaba ne ke janta kullum. A cikin aksil na baya akwai famfon mai guda biyu, ɗaya yana bin gudun ƙafafun gaba, ɗayan na baya. Sa'ad da na gaba suka fi na baya juyawa, kamar a cikin taɓo, man ya matse kuloci, na baya su kama ja. To, a kwana mai tsanani ma ƙafafun gaba sun fi na baya cin tafiya, sai kulocin ya ɗan kama. In man ya tsufa, ko ruwa ya shige shi wajen ƙetare rafi, kulocin ba ya sulɓi lafiya, shi ke kawo gurnanin. Sau da yawa sake mai kawai ke warkar da shi, wajen lita ɗaya ne. Amma fa sai nasa, mai suna Dual Pump Fluid II. Man giya mai kauri da ake zuba wa babbar mota ɓata shi zai yi. Wani lokaci sai an juye, an zagaya kaɗan, an sake juyewa kafin kukan ya ɗauke.

Abu na biyu shi ne taya. Mun saba sayen guda ɗaya in aljihu ya yi nauyi, ɗaya kuma bayan girbi. Tayar da ta suɗe ta fi sabuwa ƙanƙanta, tana juyawa fiye da ita, sai mota ta ɗauka santsi ake yi, kulocin ya yi ta aiki yana zafi ko a kan kwalta. Ku daidaita iska wurin mai faci, ku ɗaga da jak, ku auna kewayen kowace taya da igiya. Kamfanin Subaru ya ce wa masu motocinsa kada bambancin ya wuce kwatan inci.

In saye za ku yi, ku durƙusa ku leƙa ƙarƙashi. Akwai masu cire furofela ɗungum domin gurnanin ya ɓace. Motar za ta tafi shiru, amma da ƙafa biyu kaɗai take ja, ku kuwa kuɗin huɗu ake nema a hannunku. In ba ku ga dogon ƙarfen nan ba, ku ce a ɗaura shi, sa'an nan ku koma fili ku sake zagayawa.