Daga Ina Mai Koyon Hausa Zai Samo Yarda Da Kai?

A kowace shekara sashenmu yakan karɓi ɗalibai iri biyu. Akwai waɗanda suka sha Hausa a nono, akwai kuma irinmu da muka tsince ta da girmanmu, wasu a makarantar sakandare, wasu a kasuwa ko barikin soja, wasu kuwa ba su taɓa haɗa jimla ɗaya ba sai da suka shigo jami'a. Ni ina cikin kashi na biyu, domin kuwa Yarbanci ne harshen da na buɗi baki da shi. Abin da na lura da shi a 'yan shekarun da na yi a nan shi ne, 'yan kashi na biyu ba a takarda suke faɗuwa ba. Sau da yawa makinsu a nahawu da tsarin sauti yakan yi kyau ƙwarai. Inda ake durƙushewa shi ne wajen buɗe baki. Malami zai yi tambaya, ɗalibi ya san amsar sarai, amma sai ya sunkuyar da kai yana jiran wani Bahaushe ya faɗe ta. A haka mutum zai shekara huɗu, ya karɓi digiri a kan Hausa, alhali ba zai iya tsayawa gaban aji ya yi bayanin minti biyar da ita ba. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, musamman da yake yawancinmu koyarwa za mu tafi, ko aikin fassara, ko gidan rediyo.

Maganin da aka saba ba mu shi ne, "Ka yarda da kanka, ka sa wa ranka cewa za ka iya." Wannan shawara ta daɗe tana yawo a duniya. Tun a 1952 wani fasto Ba'amurke, Norman Vincent Peale, ya fitar da littafi a kan ƙarfin kyakkyawan tunani, kuma har gobe ana tallar ire-irensa a bakin titi da tashoshin mota. Ban ce shawarar ƙarya ce ba. A nawa ra'ayin dai rabin magana ce, domin ba ta gaya wa ɗalibi inda zai samo yardar ba. Yarda da kai ba riga ba ce da za a ɗauko a akwati a saka da safe.

Da farko ya kamata mu amince cewa tsoron nan yana da tushe, ba lalaci ba ne kuma ba ragwanci ba. Hausa tana da tarkuna da yawa ga baƙo. Ka ɗauki kalmar "gari". In ka gajarta wasalin farko, kana nufin wurin da mutane suke zaune. In ka ja shi, ka koma maganar abin da ake tuƙa tuwo da shi. "Kuka" na yaro da "kuka" ta miya karin sauti ne kawai ya raba su, haka ma "kai" na wakilin suna da "kai" na jiki. Abin da ya ƙara tsananta lamarin, rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali kuma ba ya nuna karin sauti, saboda haka wanda ya koyi kalma daga littafi bai san yadda za ta fita a baki ba. Ga kuma haruffa masu ƙugiya, waɗanda babu su a Yarbanci: "kafa" daban, "ƙafa" daban, "kara" daban, "ƙara" daban. Sai babban dodo, wato jinsi. A Yarbanci da Ibo wakilin suna ɗaya ne ga namiji da mace, amma a Hausa hatta tukunya da garin Kano sai ka san jinsinsu. An koya mana cewa yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne, kafin mu gama murna sai ga "gida" da "ruwa" da "suna" da "nama" duk maza. Wanda yake ɗauke da wannan lissafi a kansa a lokacin da ido arba'in suke kallonsa, in ya yi shiru ba abin mamaki ba ne.

Masana ma sun san da wannan. A 1986 Elaine Horwitz da abokan aikinta biyu a Amurka sun yi rubutu a kan fargabar da takan kama ɗalibi a ajin koyon baƙon harshe, inda suka danganta ta da abubuwa uku: tsoron magana da mutane, da tsoron jarrabawa, da tsoron kada a raina mutum. A wurinmu na ukun ne ya fi ƙarfi. Ba faɗuwa ɗalibi yake gudu ba, dariya yake gudu.

To, in haka ne, me zai hana mu rufe ido mu riƙa hango kanmu muna zuba Hausa kamar 'yan Kano, har zuciya ta saba? A nan ne nake ganin an fi yaudararmu. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Bajamushiya mai suna Gabriele Oettingen, ta daɗe tana binciken wannan batu. A wani nazari da ita da abokiyar aikinta suka buga a 2002, sun bi sawun ɗalibai masu shirin kammala jami'a da neman aiki. Bayan shekara biyu sai aka tarar cewa waɗanda suka fi yawan mafarkin ido biyu a kan kyakkyawan aikin da za su samu, su ne suka fi ƙarancin aika takardun neman aiki, su ne suka fi ƙarancin samun tayi, albashinsu kuma ya fi ƙanƙanta. Waɗanda kuwa fatansu ya ginu a kan abin da suka riga suka yi a baya, su ne suka fi dacewa. Dalilin a fili yake. Mai daɗin mafarki zuciyarsa ta riga ta ci ribar, jikinsa sai ya saki. Hausawa sun taƙaita wannan da cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune. Shawarar Oettingen ita ce, ka hango abin da kake so, daga nan ka juyo ka dubi abin da yake tare ka a cikin kanka, sa'annan ka shirya abin da za ka yi idan ya taso. Alal misali, "Idan malami ya yi tambaya na ji gabana yana faɗuwa, zan ɗaga hannu kafin in ƙirga uku."

Wanda ya fi gamsar da ni a kan asalin yarda da kai shi ne Albert Bandura, haifaffen Kanada wanda ya koyar a Jami'ar Stanford. A 1977 ya bayyana cewa amannar da mutum yake da ita cewa zai iya wani takamaiman aiki daga wurare huɗu take zuwa: abin da ya taɓa yi da kansa ya yi nasara, da ganin wani irinsa ya yi, da ƙarfafa gwiwar da mutane suke yi masa da baki, da kuma yadda yake fassara halin da jikinsa yake ciki, kamar bugun zuciya da gumin hannu. Ya kuma nuna cewa na farkon ya fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka lura, mai karatu, "ka yarda da kanka" tana cikin na uku ne, kuma takan rushe da zarar an gamu da cikas na farko in babu wani abu a ƙarƙashinta. Ashe ke nan yarda da kai shaida take bukata. Ɗalibin da ya yi cinikin albasa da Hausa daga farko har ƙarshe, aka rage masa naira hamsin, ya dawo da wani abu da huɗubar awa guda ba za ta ba shi ba.

Wuraren tara irin wannan shaida kuwa ba su yi mana nisa ba, ko da yake ba a ƙasar Hausa muke karatu ba. Unguwar Sabo ta Ibadan tana nan tun 1916. A Legas akwai Agege da Idi-Araba da kasuwar Mile 12, a Shagamu akwai 'yan goro, a Owerri akwai Ama Hausa. Kusan babu wani babban gari a ƙasar nan da za ka rasa mai shayi ko mai tsire ko mai gyaran takalmi da za ka gaisa da shi. Gaisuwar Hausa ita kanta makaranta ce, domin doguwa ce kuma amsoshinta sanannu ne: an tambaye ka gajiya, ka ce babu gajiya, an tambaye ka aiki, ka ce da godiya. Wanda ya iya riƙe gaisuwa ta minti biyu ya riga ya sami nasararsa ta farko. Abin da na gani shi ne, ɗan kasuwa Bahaushe ba ya raina mai ƙoƙarin jin harshensa, sai ma ya faɗaɗa fara'a, ya gyara maka kalma a cikin raha. Ga rediyo kuma, sashen Hausa na BBC yana watsa shirye-shirye tun 1957, yanzu kuwa yana cikin wayar kowa. Ka saurari kanun labarai, ka maimaita da ƙarfi, ka naɗi muryarka ka kwatanta.

Akwai kuma wani jari da muke da shi wanda ba mu cika lissafawa ba. Mai koyo yana ganin ƙashin harshe, wanda mai shi bai taɓa dubawa ba. Ka tambayi Bahaushen da bai yi nazarin nahawu ba dalilin da ya sa ake cewa "ya sayi riga", amma "ya saye ta", amma kuma "rigar da ya saya". Zai ce maka haka ake faɗa, kuma gaskiyarsa. Kai kuwa ka san cewa aikatau ne na aji na biyu a cikin azuzuwa bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960, ka san yana ƙarewa da "i" a gaban suna, da "e" a gaban wakilin suna, da "a" in babu karɓau a bayansa. Ka san dangantakar "sayo" da "sayar" da "sayu". Ranar da aka tura ka koyar da yara a Abeokuta ko Enugu, kai ne za ka san daidai inda za su yi tuntuɓe, domin ta nan ka biyo. Mu masu Yarbanci ma muna da ƙari, kunnenmu ya saba da karin sauti hawa uku, na Hausa kuwa biyu ne, sama da ƙasa, sai faɗau da yake haɗa su.

Tarihin fanninmu ma yana ba da irin shaidar nan ta biyu da Bandura ya ambata, wato ganin wani ya yi. J. F. Schön, Bajamushen da ya yi tafiyar kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya fitar da nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. G. P. Bargery ya fitar da ƙamusunsa mai shafi fiye da 1,000 a 1934. R. C. Abraham ya fitar da nasa a 1949, ya kuma zo ya yi na Yarbanci a 1958. Paul Newman ya fitar da babban littafinsa na nahawun Hausa a 2000. Babu ɗayansu da ya sha Hausa a nono. Sai dai kada mu ɗauki darasin a karkace. Schön ya dogara ƙwarai da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ƙamusun Abraham kuwa ya fito ne da sunan Malam Mai Kano a kusa da nasa. Ba zaman ɗaki suka yi suna ƙarfafa wa kansu gwiwa ba, tambaya suka yi ta yi, ana gyara musu, suna rubutawa. Matambayi ba ya ɓata.

Wani zai ce, duk da haka harshenmu ba zai taɓa fita kamar na Bakano ba. Mai yiwuwa ne, domin wanda ya koyi harshe bayan ya girma da wuya bakinsa ya rabu da alamar harshensa na farko. Amma ina tambaya, wace Hausar ce ake tsoron kasa kaiwa gare ta? Basakkwace yana cewa "hwari" inda Bakano yake cewa "fari". Bazazzagi yakan ce "rigan" inda Daidaitacciyar Hausa ta ce "rigar". Hausar Jos daban, ta Kumasi daban, kuma miliyoyin masu magana da Hausa a yau ba ita ce harshensu na farko ba. Wannan ba izini ba ne na yin sakaci da ƙa'ida. Mu ɗaliban harshe ne, wajibi ne mu riƙe daidaitacciya a rubutu da koyarwa, mu kuma ci gaba da goge furucinmu. Abin da nake ƙi shi ne a ce sai bakin mutum ya zama na Kurmi kafin ya sami ikon magana a ajin da ya biya kuɗin makaranta ya shiga.

Ina da roƙo ga 'yan'uwanmu Hausawa da muke aji ɗaya. Idan ɗayanmu ya fara muku magana da Hausa yana ɗingishi, don Allah kada ku juya zuwa Turanci ko Burokin don ku sauƙaƙa masa. Na san da kyakkyawar niyya kuke yi, amma saƙon da yake isa gare shi shi ne, "Hausarka ba ta isa ba." Ku bar shi ya kai ƙarshen jimlarsa, sa'annan ku maimaita ta daidai, zai ji bambancin da kansa. Ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai kuma, ina ba da shawarar a ware awa ɗaya a mako, ko da ranar Alhamis da yamma ne, a zauna da Hausa zalla, babu maki, babu malami. Kowane mai koyo a ba shi minti uku ya ba da labarin abin da ya gani a makon, Bahaushe ɗaya ya riƙe takarda ya rubuta masa gyara biyu kacal, ya miƙa masa bayan an tashi. 'Yan aji ɗaya da suka shigo bana su ya kamata a fara sa wa a jerin.