Ba Kasuwa Ce Ta Ƙi Noora Räty Ba

Akwai hujjar da ake saurin jefa wa duk wanda ya tambayi abin da ya hana mata 'yan wasa cin abinci da sana'arsu: wai kasuwa ce alƙali, babu 'yan kallo, don haka babu kuɗi. Maganar tana da kamannin hikima, amma ta kifar da gaskiya ne. Tarihin Noora Räty, tsohuwar mai tsaron ragar ƙasar Finland a wasan hokin ƙanƙara, ya isa ya rusa ta.

An haife ta a birnin Espoo a 1989. Tana da shekara 16 ta je gasar Olamfik ta Turin a 2006, sannan ta ci lambar tagulla a Vancouver a 2010. A Jami'ar Minnesota ta Amurka, ita ce ke tsaron raga lokacin da ƙungiyarsu ta ɗauki kofin jami'o'i a 2012 da 2013, kuma a kakar ta biyu sun buga wasa 41 suka cinye duka. Ƙwarewa dai ba ta wuce haka.

To, me ya biyo baya? Bayan gasar Sochi ta 2014, tana da shekara 24 kacal, ta bayyana cewa za ta ajiye wasa muddin ba ta sami gurbi a ƙungiyar maza ba, domin babu gasar mata da za ta riƙe ta. Ta shiga Kiekko-Vantaa, a rukuni na biyu na gasar maza ta Finland. A 2017 kuma neman albashi ya kai ta har ƙasar Sin, ƙungiyar Kunlun Red Star. Ga gwana a fagenta, amma tana yawon neman inda za a biya ta.

Masu hujjar kasuwa za su ce ai gasar mata ta Kanada, CWHL, ta durƙushe a 2019. Haka ne. Sai dai a 2017 ne kawai gasar ta fara biyan 'yan wasanta, shi ma abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda ya hana gona taki ba shi da bakin zargin ƙasa da rashin albarka. Hokin maza ya shiga Olamfik tun 1920, na mata sai 1998. Tazarar shekara 78 ce ta gina filaye, horar da yara da saba wa jama'a da kallo. Wannan ba hukuncin kasuwa ba ne, zaɓin masu riƙe da lalita ne.

Duk da haka, a 2019 Räty da takwarorinta suka doke Kanada a Espoo, suka kai wasan ƙarshe na gasar duniya karo na farko, inda Amurka ta sha da ƙyar bayan an soke ƙwallon da Petra Nieminen ta ci a ƙarin lokaci. Da aka zuba jari na gaske aka buɗe gasar PWHL a Janairun 2024, cikin wata huɗu mutum 21,105 suka cika filin Bell Centre na Montreal don kallon wasa guda.

Ashe 'yan kallo suna nan, jari ne ya makara. Lokacin da ya iso, Räty ta kai shekara 34. Shekarun ganiyarta sun tafi, kuma babu wanda zai biya ta su.